Gyaran Fatar Jirgin Ruwa na Faiba da Hannunka: Tambayoyi da Amsoshi

Jiragen faiba, wato waɗanda ake ƙerawa da zaren gilas da rezin, sun fara shigowa mashigan Gulbin Rima da madatsar Goronyo, gefe da gefe da kwale-kwalen katako da aka gada. Sai dai gyaransu ba irin na katako ba ne, kuma masu sana'ar ba su da yawa a Sakkwato. Ga tambayoyin da masu jirage da direbobinsu suka fi yi game da fatar wajen jirgin, wadda ake kira jelkot.

Malam, shi jelkot ɗin nan ba fenti ba ne?

Ba fenti ba ne. Rezin ne na foliyesta, wato ruwan roba mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri, da aka zuba wa launi, kuma shi ake fara shafawa a cikin mazubin da ake ƙera jirgin, kafin a shimfiɗa zaren gilas da rezin a bayansa. Ke nan tare aka haife su da jikin jirgin. Kaurinsa kusan rabin milimita ne, wato ya fi fentin mota kauri sau da yawa. Aikinsa biyu ne: hana ruwa isa ga zaren, da kare rezin ɗin ciki daga rana. Shi ba ya ɗaukar nauyi, ƙarfin jirgi yana cikin zaren da ke ƙarƙashinsa. Fenti iska ke busar da shi, shi kuwa jelkot ba ya daskarewa sai an ɗiga masa ruwan daskarwa, wanda masu sayarwa ke kira hadna ko katalis, a jikin kwalbarsa kuma za ka ga an rubuta MEKP.

Ta yaya zan gane fatar ce kawai ta ji ciwo, ko abin ya kai ga jikin jirgin?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, domin mutane da yawa suna ɓata kaya wajen yi wa karaya kwalliya. Ka wanke wurin ka bar shi ya bushe, sannan ka bi da farce. In farcen bai maƙale ba, karce ne na sama, gogewa kaɗai ya isa. In ya maƙale amma launin da ke cikin ramin iri ɗaya ne da na waje, ciwon bai wuce jelkot ba. In kuwa ka hango wani abu mai duhu ko ruwan zuma, ko zare fari-fari ya fito, to an kai ga jiki.

Daga nan ka ɗauki kwabo ko bayan sukundireba ka riƙa ƙwanƙwasa kewayen wurin. Jiki mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, ƙwas-ƙwas. Inda shimfiɗun zaren suka rabu da juna sai ka ji ƙarar ta mutu, kamar ana buga ƙwarya mai tsaga. Ka kuma leƙa ta cikin jirgin: farin tabo a daidai wurin alama ce zaren ya karye. Ka danna da babban yatsa. In wurin yana lotsawa fiye da maƙwabtansa, jelkot ba zai yi maganinsa ba.

Waɗanne kaya zan tanada?

Jelkot mai launin jirginka ko fari tare da launin haɗawa na foliyesta, hadna, asiton (ruwan wanke maiƙo da rezin, mai saurin tashi da kama wuta), da samfefa lamba 80, 220, 400, 600, 1000 da 1500, waɗanda daga 400 zuwa sama su kasance na ruwa. Sai salatif na takarda, sirinji mai cin ml 1 da aka cire wa allura, ƙaramin sikeli mai auna gram, tsinken motsawa, reza ko guntun roba mai faɗi na shafawa, ɗan katako mai santsi da za a naɗe samfefa a kai, man goge fenti irin na masu fentin mota, da tsummoki farare masu tsabta. In wurin a tsaye yake, ka nemi garin silika na kaurara rezin don kada ya zubo.

Kofin haɗawa ya zama na roba mai tauri ko gindin gorar ruwa da aka yanke. Kada ka yi amfani da farin mazubin abinci mai kama da soso, sinadarin sitarin da ke cikin jelkot yana narkar da shi nan take.

Hadna nawa ake zubawa? Wasu sun ce in ka yawaita ya fi ƙarfi.

Ba ya ƙara ƙarfi, ragewa yake yi. Ƙa'idar ita ce tsakanin kashi 1 zuwa kashi 2 cikin 100 na nauyin jelkot. Gram 100 na jelkot, ml 1 zuwa ml 2 na hadna. Ƙaramin gyara da wuya ya ci fiye da gram 20, kusan cikin cokalin cin abinci, kuma wannan ml 0.3 kawai yake so idan ana aiki da kashi ɗaya da rabi. Shi ya sa sirinji ya fi ƙirga ɗigo, domin girman ɗigo yana bin bakin kwalba ne.

A yanayi mai matsakaicin zafi, wajen digiri 25, kashi 2 zai ba ka minti 10 zuwa 15 kafin ya fara kama jiki. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, wannan adadin zai iya daskarewa cikin kofi kafin ka gama shafawa. Saboda haka da bazara ka tsaya a kashi 1 zuwa 1.25, da sanyin hunturu kuma ka je kashi 2. Kada ka sauka ƙasa da kashi 1 ko da zafi ya kai ina, domin ba zai nuna sosai ba, zai zauna da laushi har abada. Kada kuma ka haura kashi 3: yana zafi da yawa, ya tsuke, ya fashe, launinsa ya sauya, ya cika da ƙananan ramuka.

Ka motsa na tsawon minti ɗaya cur, kana kankaro gefe da gindin kofi, amma a hankali don kada ka kaɗa iska ciki. Kuma kafin ka taɓa jirgi, ka haɗa ɗan kaɗan a kan kwali ka duba agogo. Wannan gwajin na minti ashirin ya fi kowane lissafi gaya maka gaskiyar kayanka da yanayin ranar.

An haɗo mini da wata ƙaramar kwalba mai ruwa shuɗi-ja. Ta mece ce?

Kobalt ne, mai gaggauta aikin hadna. Yawancin jelkot an riga an zuba masa shi tun daga masana'anta, amma wasu masu sayarwa suna kawo rezin da ba a sa masa ba, sai su ba ka daban. Ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya. In sai ka zuba da kanka, kuma mai ƙarfin kashi 6 ne, ml 0.2 zuwa 0.4 a gram 100 ya wadatar. Shi ake fara zubawa, a motsa har ya ɓace gaba ɗaya, sannan hadna ya biyo baya.

A nan babu wasa: kobalt da hadna ba sa haɗuwa kai tsaye. In suka gamu su biyu ba tare da rezin a tsakani ba, wuta ce ko fashewa. Kowanne da sirinjinsa, kowanne da wurin ajiyarsa.

Wane lokaci ya fi dacewa da aikin a nan yankinmu?

Da sassafe, bayan asuba zuwa hantsi, a cikin inuwa. Ba zafin iska kaɗai ake dubawa ba, har da zafin jikin jirgin. Jirgin da aka kifar a bakin gulbi tun safe, zuwa azahar ba ka iya ɗora tafin hannu a kansa, kuma jelkot da ya sauka a irin wannan wuri saman sa ne ke daskarewa tun ƙasan bai kama ba. A ja jirgin ƙarƙashin itace ko rumfar zana tun daren jiya. Gwangwanin jelkot ɗin ma a ajiye shi wuri mai sanyi, kusa da randa in da hali.

Kowace kaka da matsalarta. Hunturu ya fi daɗin aiki wajen zafi, kuma bushewar iskarsa tana taimakawa wajen tsotse damshin da ya shiga zare, amma ƙurar hazo tana sauka kan jiƙaƙƙen jelkot kamar an barbaɗa gari. Maganinta a yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da wurin aiki, a kare ɓangaren da iska ke fitowa da tabarma, a kuma rufe gyaran da leda da zarar an shafa. In sanyin safiya ya sauka ƙasa da digiri 15, a jira rana ta ɗan ɗaga. Damina ita ce mafi wahala: ruwa ko raɓa ko zare mai damshi duk suna hana foliyesta kamawa. Abin takaicin shi ne a lokacin ne jiragen suka fi aiki kuma suka fi jin ciwo. Mai dabara yakan duba jirginsa tun rani, lokacin da gulbi ya ja baya.

To, ga rami dutse ya yi mini a gefen jirgi. Daga ina zan fara?

Da wanki. Ruwa da omo, a ɗauraye, a bushe, sannan a goge da asiton tun kafin samfefa ta taɓa wurin. In ka fara gurzawa da datti, man inji da maiƙon kifi za ka tura cikin ramin. Tsumma biyu ake amfani da su: ɗaya jiƙe da asiton, ɗaya busasshe yana bin bayansa. Fetur ko kananzir ba sa maye gurbin asiton, maiƙo suke bari.

Sai ka cire duk wani ɓallin jelkot da ke motsi, ka kwantar da bakin ramin da samfefa 80 har ya zama gangare, ba gaɓa mai tsaye ba. Sabon jelkot ba ya narkewa cikin tsohon, kama shi yake yi ta hanyar kaushin da samfefa ta bari, don haka wuri mai sheƙi ba ya riƙe komai. Ka share ƙurar, ka sake bi da asiton, ka jira minti biyar ya tashi. Ka kewaye ramin da salatif, ka bar tazarar milimita biyu ko uku daga bakinsa.

Yanzu ka haɗa. Launi da garin silika su ne farko, har ya yi kaurin markaɗaɗɗiyar gyaɗa in wurin tsaye ne, hadna shi ne ƙarshe. Ka fara dangwala kaɗan da tsinke kana cusa shi cikin lungunan ramin don iska ta fita, sannan ka cika har ya ɗan ɗara saman jirgin, domin yana tsukewa in ya daskare. Ramin da ya wuce milimita biyu zurfi kada a cika shi da jelkot zalla, zai tsage; a fara cike ƙasan da rezin haɗe da yankakken zare, a bar milimita ɗaya na sama domin jelkot.

Ka rufe da leda mai santsi. Ledar fiyawata da aka buɗe aka wanke aka shanya tana yi, a sa ɓangaren da ba rubutu. Ka shafe ta daga tsakiya zuwa gefe da bayan reza, ka liƙe gefunanta. Bayan awa biyu zuwa huɗu zai yi tauri, amma barinsa ya kwana ya fi.

Kashegari ka ɓare leda da salatif, ka sa sabon salatif a kewaye don kare tsohon jelkot. Ka naɗe 220 a ɗan katakon nan ka rage tudun. Kada ka gurza da yatsa, yatsa rami yake yi. In tudun ya kusa daidai da salatif, ka cire shi ka koma 400 da ruwa, sai 600, 1000, 1500, kowace lamba tana share zanen wadda ta gabace ta. Nan ne ake yawan yin ɓarna: tsohon jelkot da ke kewaye rabin milimita ne kawai, kuma shekaru sun riga sun ci wani abu daga ciki. Da ka ga wani duhu yana tasowa daga ƙasa, ka tsaya, ka kusa huda shi. Ƙarshe sai man gogewa da tsumma mai laushi har sheƙi ya dawo.

Na shafa tun jiya, har yanzu yana danƙo.

Ka gwada da farce. In ƙasan ya yi tauri saman ne kawai ke maƙalewa, iska ce ta hana shi. Jelkot na asali an yi shi ne don ya daskare a jikin mazubi inda iska ba ta taɓa shi, shi ya sa ake rufewa da leda, ko a fesa masa ruwan PVA, wanda ke bushewa ya zama siririyar fata mai tare iska, ko a zuba masa ruwan kaki da ake sayarwa don haka, wanda ke tasowa sama ya toshe iska. A goge danƙon da asiton, a ci gaba da samfefa. Mai kakin ma yakan ƙi in an shafa shi a rana tsaka, domin saman yana kamawa kafin kakin ya taso.

In kuwa har ciki laushi ne, to hadna ya yi kaɗan, ko ya tsufa ya mutu, ko ba a motsa sosai ba, ko rezin ɗin ba shi da kobalt. Shafa hadna a samansa ba ya gyara komai. A kankare duka, a wanke da asiton, a sake daga farko.

Waɗannan siraran tsagu masu kama da saƙar gizo-gizo fa?

Jelkot ya fi zaren da ke ƙarƙashinsa gautsi, don haka in jiki ya lanƙwasa shi ne ke fara tsagewa. Masu fitowa daga tsakiya kamar tauraro bugu ne ya jawo su. Masu jere a layi kusa da wurin zama, ko kusurwa, ko allon baya inda ake ɗaura inji, alamar wurin yana motsi ne. Shafa jelkot a kansu ɓata lokaci ne, ba ya shiga cikin tsaga mai sirantar gashi. Sai an buɗe kowace ɗaya da ƙaramin injin gurza ko bakin zarto da aka wasa, a yi mata kwari har ƙasan jelkot, a ɗan wuce ƙarshenta, sannan a cika. In ba a ƙara shimfiɗar zare ta ciki an hana wurin lotsawa ba, za su dawo a daidai inda suke. Na allon baya a duba su da kyau, domin sau da yawa akwai katako a cikinsa, kuma in ya sha ruwa ya ruɓe, wannan ya wuce gyaran fata.

Ba zan iya amfani da filar masu gyaran jikin mota ba? Ita ce ake samu a gari.

Sama da inda ruwa ke kaiwa, don lallaɓawa na ɗan lokaci, tana yi. Ƙasan ruwa kuwa a'a. An cika ta da garin hoda mai shan ruwa, za ta kumbura ta ɓalle, ta kuma riƙe damshi a jikin zare. Kwalta da tsumma da ake toshe kwale-kwalen katako da su ma a bar su can, domin duk inda kwalta ta taɓa sai an gurje wuri mai faɗi kafin rezin ya yarda ya kama.

Gam mai haɗi biyu irin Araldite efoksi ne, wato wani nau'in rezin daban da foliyesta. Yana kama faiba sosai, ruwa kuma ba ya cinsa, don haka yana fitar da mutum kunya a ranar kasuwa. Matsalarsa ita ce jelkot ba ya zama lafiya a kansa. Efoksi yana hawa kan foliyesta, amma foliyesta ba ya son hawa kan efoksi. Wurin da aka gyara da shi, fenti mai haɗi biyu ya fi dacewa da shi, kuma dole a rufe shi domin rana tana cinsa.

In ya huje har ruwa na shiga?

A yanke duk zaren da ya yi fari ko ya rabu har a kai ga mai lafiya. A kwantar da bakin ramin da giranda, faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12: jiki mai milimita 5 yana son gangaren santimita 6 ta kowane gefe. A tokare bayan ramin da kwali mai leda, a yanka tabarmar zare mai nauyin gram 450 a murabba'in mita gida-gida, kowane ya ɗan bambanta da na baya a girma, a jiƙa kowane da rezin wanda ya ninka nauyin zaren sau biyu zuwa biyu da rabi, ana dannawa da buroshi har farin zaren ya ɓace. A zafinmu kada a wuce shimfiɗa uku a zama ɗaya. Jelkot ne ke zuwa ƙarshe. Amma jirgin da ke ɗaukar mutane zuwa gona ko kasuwa, in ramin ya fi tafin hannu ko yana kan ƙashin gindi, a nemo wanda ya iya. Rayuka ne a ciki.

Ƙasan jirgina ya yi ƙuraje kamar borori.

Ruwa ne ya ratsa jelkot a hankali ya taru a ƙananan guraben da ke bayansa. Ruwan daɗi mai ɗumi, irin na madatsa da tafki, ya fi ruwan teku saurin jawo wannan, musamman ga jirgin da ke kwana cikin ruwa shekara ɗungurungum. Ka sa gilashin kare ido kafin ka fasa, domin ruwan ciki yana feshi, kuma yana da tsami da wari irin na ruwan tsami. A buɗe kowane, a riƙa wankewa da ruwa mai tsabta, a bar jirgin kife a inuwa makonni har ya bushe, sannan a cike da filar efoksi. Wanda ya rufe da damshi a ciki zai sake ganinsu.

Na sayi fari, amma gyaran ya fito kamar tabo.

Ranar Sakkwato ta riga ta mai da farin jirginka ruwan madara. Ka fara goge kewayen da man gogewa don ainihin launin ya fito, sannan ka riƙa ƙara rawaya ko ruwan ƙasa da bakin tsinke, kana ɗiga jelkot marar hadna a jikin jirgi kana kwatantawa, kana sharewa da asiton. Ka haɗa launin da zai ishe ka duka aikin a lokaci ɗaya. Fentin mai ko na mota ba a zuba shi cikin jelkot. A gindin jirgin haya dai, ba wanda zai duƙa ya duba launi.

Nawa zan saya, kuma yana ajiyuwa?

Murabba'in mita ɗaya yana cin gram 500 zuwa 600, don haka kilo ɗaya ya ishi ƙananan gyare-gyare masu yawa. Ba ya jimre ajiya: wata uku zuwa shida ne, a zafi kuma ƙasa da haka. Wanda ya yi gudaji a zubar. Masu jirage uku ko huɗu na mashigi ɗaya su haɗa kuɗi su yi oda tare ya fi kowa ya sayi nasa ya daskare a ɗaki. Hadna a bar shi cikin kwalbarsa ta roba, nesa da rana, da tsatsa, da fetur, da hannun yara, domin ga mai kallo kamar ruwa yake.

Akwai haɗari ga lafiya?

Ɗigon hadna a ido yana iya makantarwa. In ya faru a wanke da ruwa mai yawa na minti 15 ba tsayawa, a wuce asibiti. Gilashin ido da safar hannu dole ne. A yi aiki a fili saboda warin sitarin, a sa takunkumi lokacin gurza, ba taba, ba murhu kusa da asiton. Ragowar haɗin da ke cikin kofi yana yin zafi har da hayaƙi, a ajiye shi a ƙasa nesa da tsummoki da zana har ya huce. Ƙurar zare a wanke ta da ruwan sanyi, kada a sosa.

Yaushe zan mai da shi ruwa, kuma me zai hana gindin sake cinyewa?

Gyaran sama, kashegari. Na ƙasan ruwa a ba shi kwana biyu zuwa uku, wanda aka sa wa zare kuma mako guda ya fi. Cinyewar gindi kuwa daga ja a kan yashi da tsakuwa take zuwa, duk fitowa sai an ɗan kankare. A jera tsofaffin tayoyi ko gungumen itace a inda ake fito da jirgi. A kuma liƙa ɗamara biyu ta zare mai faɗin santimita 10 a tsawon ƙashin gindin, a shafe da jelkot mai kaki. Ita ce za ta riƙa cinyewa a madadin jirgin, in ta sirance a gurje a sabunta ta da rani.